Shin Rashin Natsuwa Lalaci Ne?

A Zariya da Kano akwai maɗinka waɗanda kan yi watanni suna yi wa babbar riga guda ɗinkin aska takwas. A cikinsu akan sami gwani wanda hankalinsa ba ya zama wuri ɗaya. Da ya zura zare a allura, sai hirar masu wucewa ta ɗauke shi. Da ya komo kan aiki, sai fargaba ta kama shi, ko mai riga zai raina ɗinkin, ko Salla ta zo bai gama ba. Mutane kan ce malalaci ne.

Ba su yi masa adalci ba. Malalaci in ya bar aiki daɗi yake ji, shi kuwa wannan barin aikin ke hana shi barci. Likitoci ma sun tabbatar akwai waɗanda aka halitta da wuyar tara hankali, watau ba su suka ɗora wa kansu ba.

Amma rashin laifi bai sauke masa alkawari ba, domin ya karɓi kuɗin mutane. Abin da ya wajaba a kansa shi ne dabara. Ya bar bakin hanya, ya nemi inda ba hayaniya. Ya naɗe rigar, ya bar aska ɗaya kurum a buɗe, gama ganin girman aiki shi ke kawo tsoro, taura biyu kuwa ba ta taunuwa. In hankali ya gudu, ya komo da shi ba tare da zargin kansa ba, ko sau ɗari ne. Ranar Salla ba mai tambayarsa sau nawa hankalinsa ya tafi, riga za a tambaya.