Rijiyar Mai da Bakin Talaka

Masu iya magana kan ce, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan muka natsu za mu ga cewa a kan wannan magana dimokuraɗiyya ta ginu. Gwamnatin da ke rayuwa da harajin talakawa tilas ne ta saurare su, domin mai biya yana da bakin tambaya. To, yaya lamarin zai kasance idan mai mulki ya sami rijiyar da za ta ciyar da shi ba tare da ya miƙa wa kowa hannu ba?

Bari mu dubi ƙasashen da suka fito daga Tarayyar Sobiyet bayan rushewarta a 1991. A Azabaijan, Haidar Aliyef ya ƙulla yarjejeniyar haƙar mai da kamfanonin waje a 1994. Da dukiya ta kwararo, sai mulki ya zama gado: ɗansa Ilham ya gaje shi a 2003, kuma a 2009 aka soke iyakar wa'adin shugabanci. A Kazakistan kuwa, Nazarbayef ya riƙe ragama har 2019. Lokacin da ma'aikatan mai na garin Janaozen suka shiga yajin aiki a 2011 suna neman ƙarin albashi, da harsashi aka ba su amsa. A Rasha ma, an kama Kodokobski, attajirin kamfanin Yukos, a 2003, sannan mafi yawan kadarorin kamfanin suka koma hannun hukuma.

Sai dai kada mu ɗora wa mai laifin da ba nasa ba. Tajikistan ba ta da arzikin mai, amma mutum guda ke mulkinta tun 1992. Ita kuwa Nowe, da ta gano mai a 1969, ba ta rasa 'yancinta ba, domin majalisa da kotuna sun riga rijiya kafuwa. Ashe mai ba ya haifar da zalunci, ƙarfafa abin da ya tarar yake yi. Ƙasashen kwaminisanci sun gaji tsarin da komai na hukuma ne, sai mai ya zo ya ba wannan tsari abinci.

Mu ma da ƙasarmu ta dogara ga fetur, ya kamata mu yi wa kanmu hisabi. Duk ranar da muka ɗauki hanya da asibiti a matsayin kyautar shugaba, muka manta cewa haƙƙinmu ne, to mun sayar da bakinmu, kuma da kuɗinmu aka saye shi.