Zalɓe da Amiba: Wanne Ya Fi Zama Aya?

Yawancin kududdufan cikin birnin Kano ramuka ne da kakanninmu suka haƙa don ɗibar ƙasar gina gidaje da ganuwa, ruwan damina ya cika su. A bakinsu akan ga zalɓe tsaye cikin ruwa, wuya a lanƙwashe, yana dakon kwaɗo ko ɗan kifi. In ya buɗe fukafukai ya tashi, mai kallo sai ya ce tabarakallah. A cikin lakar da ya taka kuwa akwai amiba, wadda ba mai yin tasbihi saboda ita.

Ilimin halittu na koyar, kuma ɗalibai sun sha tambayata: “Malam, wanne ya fi?”

Zalɓe yana da ido da huhu da zuciya da baki mai tsini, kowanne da aikinsa. Amiba ƙwayar halitta ce guda ɗaya tak, yawancinsu ba su cika wuce rabin milimita ba. Ba baki, ba ƙafa, ba hanji. In abinci ya matso, sai ta miƙa sashen jikinta ta kewaye shi ta narkar. Zalɓe sai ya yi sheƙa, ya kwanta kan ƙwai, ya ciyar da ’ya’ya. Ita kuwa rabuwa take gida biyu, ba a cewa ga uwa ga ’ya.

Sai a 1674 Leeuwenhoek, mutumin Holan, ya hango irin waɗannan halittu cikin ruwan tafki da madubin da ya ƙera. Kafin nan ɗan Adam bai san da su ba, amma ko yini ɗaya abincinsu bai yanke ba. Ashe ba don idonmu kaɗai aka yi halitta ba.

A aya ta 26 ta Suratul Baƙara an buga misali da sauro. Cikin wani nau’in sauro akwai ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro, wadda Laveran ya gano cikin jinin majinyaci a Aljeriya a 1880. Ita ma ƙwaya ɗaya ce, amma tana kwantar da ƙato.

Amsata ga ɗaliban ita ce, zalɓe aya ce ga mai kallo, amiba aya ce ga mai bincike, Mahaliccinsu ɗaya. Don haka, ɗan’uwa, kada ka auna darajar halitta, ko ta mutum, da girman jiki ko yawan masu kallo.