Saran Daji Da Neman Aure

Ga wata tambaya da mu ke so 'yan makaranta su juya a zuci. Mutum ya bar garinsu, ya ce don Allah ya yi ƙaura. Da ya sauka sai a ka gan shi yana tseren kama gona, yana kuma neman aure. Shin ƙaurarsa ta ɓaci ke nan?

Ba daga nesa mu ka ɗauko tambayar ba. Bayan an ci Alƙalawa a 1808, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa har 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa a Boɗinga. Jama'a su ka yi ta tahowa don su zauna kusa da malamansu, kowa kuma sai ya ci abinci. Saurayi ma gonarsa ita ce bakinsa wurin surukai, gama ba mai ba da 'yarsa ga wanda ba shi da rumbu. Daji yana da faɗi, amma fadama da wurin da ruwan rijiya ba shi da nisa kaɗan ne, a nan ne kafaɗa ta ke gogar kafaɗa.

Masu tsanantawa su kan kawo hadisin niyya, na farko cikin Arba'una, inda a ka ambaci mai hijira saboda duniya ko saboda macen da zai aura, a ka nuna abin da ya nufa shi ne rabonsa. Su kan ƙara da cewa Malam Abdullahi kansa ya taɓa barin runduna a 1807, don ganin son duniya ya shiga mutane, ya nufi gabas har ya tsaya Kano. Duk gaskiya ne. Amma shi wannan malami shi ne ya wallafa Ta'alimur Radi, littafin da ya bayyana yadda mutum ke mallakar matacciyar ƙasa. Da saran daji aibi ne, ai da bai ɓata tawadarsa a kai ba. Hadisin ma bai hana aure ba. Mu a ganinmu, abin da ya ke tsoratarwa shi ne mutum ya ɗauki bukatarsa ya sa mata rawanin addini.

To, a ce samari biyu sun ƙyalla ido a kan fadama guda da yarinya guda. Malaman Malikiyya sun ce wanda ya raya ƙasa shi ke da ita, watau ya haƙa rijiya, ko ya yi gini, ko ya dasa itace, ko ya sare ya nome. Kewaye fili da ƙaya kurum ba rayawa ba ne, haka kuma kiwo a cikinsa. In wurin yana kusa da gari, sai da izinin shugaba. In kuwa mutum ya bar shi har ya koma daji, wani ya zo ya raya, ya zama na biyun. Turawan Amurka ma da su ka yi dokar rabon fili a 1862, sun ɗora wa mai karɓar eka 160 zaman shekara biyar da aiki kafin ta zama tasa.

Sai dai kada mu ɓoye muku, da yawa daga gandayen zamanin nan bayi ne su ka sare su, sunan kuwa na ubangiji. Wannan ya fi batun aure nauyi a kan niyyar mutanen, ko da ya ke ba a cika faɗinsa ba.

Wajen yarinya fa, ma'aunin ya sake. Nan ne samari ke ruɗewa, su zaci wahala ita ke ba da iko. Wani ya yi wa uban yarinya noma damina uku, ya kai toshi, sai ya ɗauka ya raya ta kamar yadda ya raya saura. A'a. Shari'a ta hana neman aure a kan neman wani, amma sai bayan an karkata ga na farin an amince masa. Kafin haka ƙofa a buɗe ta ke, ko wane ne ya riga zuwa. Gaskiya ne Malikiyya sun ba uba ikon aurar da budurwarsa, duk da haka sun so ya shawarce ta. Gona ba ta da bakin cewa ba ta so. Yarinya tana da shi.

Saboda haka wanda ya samu fadama ya rasa yarinya ba shi da ƙarar da zai kai gaban alƙali, sai ta kayan da al'ada ta yarda a mayar masa. In ya matsa iyaka da dare, ko ya ɓata sunan abokin takararsa wurin surukai, sa'an nan ya tsaya sahu ɗaya da shi da asuba, to, a nan ne mu za mu ce ƙaurarsa ta ɓaci. Daga Boɗinga har Shagari daji ya ƙare, tun 1978 kuma doka ta sa ƙasa a hannun Gwamna, amma har yanzu a kan kai wa hakimi ƙarar iyaka wadda in an tona a tarar maganar aure ce a ƙarƙashinta.