Hukuncin Mace Ta Ɗebi Abin Gwajin Sankarar Bakin Mahaifa Da Kanta

Tambaya: Malam, an kawo mana tsinke mai auduga a kai, aka ce mace ta sa shi a gabanta tana cikin ɗakinta, ta mayar asibiti a duba ko tana ɗauke da ƙwayar da ke jawo sankarar bakin mahaifa. Shin ya halatta? Kuma ina matsayin tsarkinta da azuminta?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Wannan gwaji halal ne, kuma abin so ne ga matar da shekarunta suka kai. Likitoci sun tabbatar kusan duk wannan sankara daga ƙwayar HPV take, kuma takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama ciwo, ba tare da mace ta ji komai ba. Shi ya sa a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar fara gwajin daga shekara 30, a maimaita bayan shekara 5 zuwa 10, ta kuma yarda mace ta ɗebi abin gwajin da hannunta. Abin da ya daɗe yana hana matanmu zuwa gwajin shi ne kwanciya a gaban wani a buɗe tsiraici. To, an kawar da wannan. Kuma aikin yana da asali a wurinmu: Imamu Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa cewa mata sukan aika wa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, audugar da suka duba kansu da ita domin ta gaya musu ko sun yi tsarki daga haila, ba ta kuwa hana su ba. In an yi haka don salla, yin sa don tsare rai bai fita daga manufar shari'a ba.

Mai cewa lafiyayyiya ba ta da larura, sai mu ce ana neman larura ne wajen halatta abin da aka haramta, a nan kuwa babu idon da ya ga al'aura. Sukar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa ciwon mazinata ne, don haka gwajin tuhuma ne. Wannan kuskure ne mai haɗari. Ƙwayar tana bin saduwa, ta halal ko ta haram, tana iya zuwa daga miji ko daga auren baya, ta yi shekaru a ɓoye. Sakamakon gwaji ba ya cikin hujjojin da ake tabbatar da zina da su, kuma wanda ya jefi mace kamila da shi ya faɗa cikin ƙazafi.

Game da tsarkinta, wanka bai wajaba a kanta ba. Alwala kuwa, malamanmu na Malikiyya sun yi saɓani a kan wadda ta shigar da yatsa, sai ta sake don fita daga saɓanin. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta zartar cewa irin wannan ba ya karya azumi, amma barin sa zuwa dare ya fi.

In aka ga ƙwayar, ba a ce tana da sankara ba, sai dai dole ta koma a duba ta. A nan ne larura ta tabbata: ta nemi likita mace, in babu, namiji ya halatta gwargwadon buƙata. Bai halatta miji ya hana ta ba. Allah ne Mafi sani.