Ina zafin da aka haɗiye yake zuwa?

A darasin shimi mushe ya koya muna cewa haɗuwar sinadarai iri biyu ce: wata tana shan zafi, wata tana fidda shi. Ya ba mu misali da dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙowa a Malbaza don yin siminti. Dutsen nan ba ya sakin iskar da ke cikinshi sai an gasa shi har kimanin digiri 900. In ya fito ya huce, ga shi fari, shiru, ka ce ya manta da wuta. Amma zuba mishi ruwa kaɗan ka gani: sai tsuwa da tururi, har ya ƙona hannu. Mushe ya ce makamashi ba ya ɓata, wuri yake sakewa.

Ban gane maganar ba sai a hutun bana. Mai shagon da nake taya aiki ya zage ni gaban mutane saboda canjin da ba ni na ɓatar ba. Na yi shiru, kowa ya ce yaron nan akwai haƙuri. Da dare ƙanena mai shekara 7 ya zubar da ruwa bisa littafina, na kwaɗa mishi marin da ni kaina ya ba ni tsoro.

To, wannan shirun nawa haƙuri ne ko ajiya?

Wani zai ce da na rama a shago da an huta. Ban yarda ba: wuta ce dai, wani za ta ci. Wani kuma zai ce laifin mai shago ne, shi ya gasa ni. Nan ma da sauran magana, don dutse ba shi da zaɓi, ni ina da shi. Masu shafen bango ba sa yayyafa wa gasasshen dutsen ruwa. Ruwa mai yawa suke ba shi, su ja baya har zafin ya fice, sannan ya zama abin gyara ɗaki. A ganina haƙurin gaskiya shi ne mutum ya san ya sha wuta, ya nemi inda zai huce ba bisa kan marar ƙarfi ba: ko ya faɗa wa inna, ko ya yi alwala, ko washegari ya koma ya ce: "Baba, jiya ba ka yi mini adalci ba."

Na ba ƙanena haƙuri, ya ce ba komi. Amma har yau in zai sha ruwa nesa da littattafaina yake zama. Shi ma ya yi shiru, kuma shirun nan ne ke hana ni barci.