Sannunku da Aiki, Masu Bin Sawun Takarda!

Ku nake nufi, matasan Katsina da ake ba ku jinga a ce: je ka Kaduna ka nemo mini takardar naɗin kakana, je ki Zariya ki duba mini wani kundi, ƙetara Yamai ka gano abin da Faransawa suka rubuta a kan gidanmu. Ba ofis, ba albashi. Jaka ce a kafaɗa, da littafin rubutu, da fensir, da waya mai ɗaukar hoto. To, wa ya ce wannan ba sana'a ba ce?

Sana'a ce, kuma kasuwarta na ci. Lauya na neman tsohuwar taswirar iyaka tsakanin hakimai biyu. Gidan sarauta na son jerin waɗanda suka riƙe rawani tun zamanin Sarki Dikko. Ɗaliba a Ingila na rubuta kundin digiri a kan jangali, ba ta da halin zuwa ta tare a Kaduna wata guda. Duk suna da abin biya, amma ba su san inda takarda take kwance ba. Kai ka sani. Jarinka ke nan, ka riƙe shi da hannu bibbiyu!

Ai tarihin Katsina ta Dikko ɗakin kara bai taɓa zama wuri ɗaya ba. Bayan Turawa sun shigo a 1903, Katsina ta zauna a ƙarƙashin lardin Kano, aka mayar da ita lardin Zariya a 1926, sai a 1934 ta samu lardin kanta. Baƙon mai bincike zai shiga Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ya nemi fayilolin lardin Katsina kaɗai, ya koma gida yana cewa babu. Kai kuwa sai ka ce a ɗauko na Kano, a ɗauko na Zariya, a ɗauko na ofishin Sakataren Lardunan Arewa. Ka san cewa bayan jihadi tsohon gidan sarautar Katsina ya koma Maraɗi, don haka wani reshe na labarinmu da Faransanci aka rubuta shi, yana Yamai, yana Dakar, yana Faransa. Ka san wasiƙun da gwamnan Arewa ya riƙa aikawa Ingila suna Landan. Ka san Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi da hatimi, a Alƙahira ya rasu a 1741, rubuce-rubucensa na can ƙasashen waje. Wa zai haɗa waɗannan guntaye in ba ku ba?

Wahala kam akwai ta. Sammako zuwa tasha, doguwar hanya ta Funtuwa da Zariya wadda ba kullum hankali ke kwance a kanta ba, kwana a ɗakin aboki. Ka cike takardar neman fayil, ka zauna jira. A kawo shi ɗaure da tsohon zare, takardun sun yi ja, gefensu na marmashewa a yatsa, tsatsar allura ta huda kusurwa, gara ta cinye daidai wurin da aka sa kwanan wata. Rubutun Razdan kamar tafiyar kaza. Ka yi atishawa, ka share ƙura, ka ci gaba. Yau babu, gobe babu. Sai can ka buɗe wani shafi, ga wasiƙar sarki da Larabci, ga hatiminsa, ga sunan da aka aiko ka nema. Wannan daɗin ba a sayar da shi a kasuwa, sai mai haƙuri.

Kuma kuna da magabata. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, haka ya yi ta bin gari gari har Maraɗi, yana zama gaban dattawa, yana tonon kundaye, kafin littafinsa a kan sauye-sauyen Katsina daga 1400 zuwa 1883 ya fito a 1981. Farfesa Abdullahi Smith ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970 domin irinku su samu wurin zama su yi aiki. An share muku hanya, saura tafiya.

Sai dai ina da magana ɗaya. An san Bakatsine da kunya, abin alfahari ne, amma kada kunya ta hana ka faɗin ladanka. Ka karɓi kafin alƙalami. A rubuta yarjejeniya: kuɗin mota, kuɗin masauki, kuɗin ɗaukar hoto, da ladan kowane yini. Kwanakinka ake biya, ko an samu takarda ko ba a samu ba, domin tabbatar da cewa babu ma aiki ne. Kai kuma ka riƙe amana. Kowane shafi ka ɗauka, ka rubuta lambar fayilinsa. Kada ka yage, kada ka ɓoye, kada ka ƙara gishiri don a ji daɗi. In takarda ta ce kakan mai gida dagaci ne ba hakimi ba, haka za ka kai masa. Fushinsa na yini ɗaya ne, sunanka na gaskiya shi zai kawo maka jinga ta gaba.

Kai alaramma mai karanta ajami da tsohon rubutun malamanmu, wannan aiki na neman idonka. Ke da kika karanta tarihi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa kike jiran takardar ɗaukar aiki, me kike jira? Ku ƙara Larabci, ku tsinci Faransanci, ku koyi ɗaukar hoto mai kyau. Ku fara daga gida: ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha, ga gidan kayan tarihi a tsohuwar Kwalejin Katsina. Ku je ku gaida ma'aikatan, ku nemi kundin jerin takardu, ku zauna ku fara karantawa tun daga wannan Litinin ɗin.