ZINARIYA A ƘARƘASHIN RUWA: YA HALATTA MUTUM YA SA RANSA A HAƊARI DON NEMAN ABINCI?



Kowace shekara, da zarar an gama kai amfanin gona gida, sai ƙauyukanmu na ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan su fara raguwa da samari. Masu fadama sukan tsaya noman tumatir da rake, sauran kuwa su ɗaure 'yan kayansu su tafi ci-rani, kamar yadda iyayensu da kakanninsu suka saba. A dā Kano da Kaduna da Legas ake dosa, a yi dako ko ga-ruwa ko lebaranci, a dawo gida da faɗuwar damina. Yanzu kuwa akwai wata hanya da ta fi waɗannan jan hankalin matasan Arewa, wato neman zinariya. Dalilin a fili yake. A watan Agusta na 2020 farashin oza ɗaya, wato kimanin giram 31, ya haura dala 2,000 a kasuwar duniya. A watan Maris na 2025 ya haura dala 3,000, a watan Oktoba na 2025 kuma ya wuce 4,000. Irin wannan labari ba ya tsayawa a birni, wayar hannu takan kai shi har bukkar gona.

Masu neman zinariya iri biyu ne. Akwai masu shiga rami a tudu, akwai kuma masu nutso, waɗanda suke nemanta a ƙarƙashin kogi ko teku. Aikin na biyun baƙo ne a wurinmu, mu da muka tashi a ƙasar rafi da rijiya, saboda haka ya kamata mu san yadda yake kafin mu yanke masa hukunci.

YADDA AIKIN NUTSO YAKE

Zinariya ta fi yashi nauyi wajen ninki bakwai, shi ya sa idan ruwa ya kwaso ta takan kwanta can ƙasa, ƙarƙashin yashi da tsakuwa. Masu aikin sukan ɗora injin zuƙo yashi a kan kwale-kwale, ko a kan gangunan da aka haɗa aka shimfiɗa musu katako. Mutum ɗaya ya nutsa riƙe da bakin babban tiyo yana zuƙo yashi, yashin yana hawa sama ana wanke shi. Numfashinsa kuwa yana zuwa masa ta wani siririn tiyo daga injin hura iska da ke bisa kwale-kwalen. A garin Nom na jihar Alaska ta Amurka, inda aka gano zinariya cikin yashin bakin teku a 1899, har yau ana wannan aiki a tekun Bering, wani lokaci ma sai an huda ƙanƙara kafin a shiga. Mai nutso a can yana da rigar da ake tura wa ruwan ɗumi, yana kuma magana da na sama, duk da haka aikin ya taɓa cin rai. A Afirka ta Yamma ana yinsa a kogin Kwara cikin ƙasar Mali, da kogin Faleme da ke iyakar Mali da Senegal, da kogunan Pra da Ofin da Ankobra na ƙasar Gana. A nan sau da yawa mai nutso ba shi da komi sai tiyo a baki, cikin ruwan da ya dame har mutum ba ya ganin tafin hannunsa, sai lalube.

Haɗarin aikin sananne ne. Ramin da mutum yake haƙawa da tiyon yana iya ruftowa ya danne shi. Injin iska yana iya mutuwa, ko ya zuƙo hayaƙin injin da ke kusa da shi ya tura masa, a cikin hayaƙin kuwa akwai guba marar wari marar launi wadda take sumar da mutum bai sani ba. Sa'an nan akwai nauyin ruwa. A zurfin mita 10 matsin da ke kan jikin mutum ya ninka na tudu sau biyu, iskar da yake shaƙa kuma tana narkewa cikin jininsa. Idan ya daɗe a ƙasa ya taso da gaggawa, sai iskar ta yi kumfa a jininsa kamar kwalbar lemo da aka buɗe, abin da kan jawo ciwon gaɓoɓi mai tsanani, ko shanyewar jiki, ko mutuwa.

Ramin tudu ma bai fi sauƙi ba. A watan Nuwamba na 2021 rami ya rufta a Garin Liman kusa da Ɗan Isa a jihar Maraɗi, aƙalla mutum 18 suka rasu. A watan Yuni na 2024 wani ya rufta da mutane da dama a Galkogo, ƙaramar hukumar Shiroro ta jihar Neja.

RAI AMANA NE

To, ya halatta mutum ya shiga irin wannan aiki domin ya ciyar da iyalinsa? Bari mu fara da abin da muka yarda da shi duka. Ba mu muka ba kanmu rai ba, amana ce aka danƙa mana. Doka ta Biyar, wadda ta hana kisankai, ta hana mutum ya yi banza da ransa kamar yadda ta hana shi taɓa na maƙwabcinsa. Amma kuma babu sana'ar da ba ta da haɗari. Mai haƙar rijiya yana shiga rami, mai yankan rake yana haɗuwa da maciji, direba yana bin hanyar Zariya zuwa Kano dare da rana, ba kuwa wanda ya ce sun yi zunubi. Wanda ya faɗa kogi don ya ceci yaro ma yabonsa muke yi. Ashe ke nan shiga haɗari kaɗai bai isa ya zama laifi ba. Abin dubawa shi ne girman haɗarin, da dalilin shigarsa, da kuma wanda zai ɗauki nauyin abin da ya biyo baya.

Akwai tambayoyi huɗu da za su taimake mu auna kowace sana'a. Ta fari, bukata ce ta kai mutum ko kwaɗayi? Wanda rumbunsa ya ƙare a watan Maris da wanda yake son ya riga sa'o'insa sayen babur ba ɗaya suke ba. Ta biyu, ya san gaskiyar aikin kafin ya yarda? Saurayin da iyakar iyonsa kududdufin bayan gari ne, aka ce masa aikin kwana uku ake koyonsa, bai yarda da komi ba, ruɗinsa aka yi. Ta uku, an yi abin da za a iya don a rage haɗarin? Akwai koyarwa, da injin iska mai kyau, da mutum a sama wanda ba shi da wani aiki sai lura da na ƙasa, da hanyar kai mutum asibiti? Ta huɗu, cutar ta tsaya a kan mai aikin, ko tana kaiwa ga waɗanda ba a tambaye su ba?

Tambaya ta huɗu ita ce ta fi nauyi, domin mun ga amsarta a kusa da mu. A 2010 aka gano cewa yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Dareta da 'Yargalma da Abare da wasunsu, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Dutsen da ake haƙowa yana ɗauke da dalma, ana kawo shi cikin gida ana daka shi ana niƙawa, ƙurar tana sauka inda yara suke rarrafe. Yara kimanin 400 suka mutu, wasu da yawa kuma gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. A 2015 aka sake ganin haka a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, inda yara 28 suka rasu. A kogi kuwa, zaibar da ake kama zinariya da ita tana shiga ruwa, ta shiga kifi, ta shiga jikin mace mai ciki da ke zaune nesa da wurin aikin. Wannan na cikin dalilan da suka sa ƙasar Mali ta haramta haƙa da inji a cikin koguna. Mutum yana iya cewa ya yarda ya sa nasa ran a haɗari, amma ba shi da ikon yarda a madadin ɗan wani.

"FADA, AI YUNWA MA TANA KISA"

Wannan ita ce amsar da saurayi zai bayar, kuma ba za mu raina ta ba. Taki ya yi tsada, gonar gado an raba ta har ta zama 'yar shimfiɗa, tumatir yakan ruɓe a kwando idan kasuwa ta cika. Wanda yake ƙoshe bai kamata ya yi saurin yi wa mayunwaci wa'azin haƙuri ba. Saboda haka muna cewa, wanda bukata ta gaske ta tura shi, laifinsa ƙarami ne, wani lokaci ma babu shi sam. Amma raguwar laifinsa ba ta mai da aikin mai kyau ba, nauyin ne ya koma kan wasu.

Dattawanmu suna da labarin haƙar kuza a Jos. Tsakanin 1942 da 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Turawa ta ɗibi talakawa daga lardunan Arewa, har da lardin Zazzau, ta kai su aikin tilas, da yawa kuma sanyi da yunwa da cuta suka kashe su. A wancan lokaci dogari ne yake zuwa ƙofar gida. Yau talauci ne yake yin aikin dogarin. Tun a 1891 Paparoma Leo na 13 ya koyar cewa ma'aikacin da ya karɓi mugun sharaɗi saboda ba shi da mafita, zaluntarsa aka yi, ko da ya amsa da bakinsa. A 1981 kuma Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya nuna cewa bayan mai ɗaukar ma'aikaci akwai wasu a bayan fage waɗanda su ma suke da hannu a halin da ma'aikaci yake ciki, musamman hukuma da masu tsara kasuwa. Mai inji da ya ƙi gyara injin iska don ya rage kashe kuɗi yana da alhaki. Haka dillalin da yake ba yara bashin kuɗin mota don ya ɗaure su, da mai sayen zinariya da ba ya tambayar inda ta fito, da hukumar da ba ta zuwa sai rami ya rufta.

NAMU ALHAKIN

Amma akwai wasu na bayan fage da suka fi waɗannan kusa, wato mu da muke zaune a gida. Idan uwa ta ce wa ɗanta, "Ka ga ɗan maƙwabta ya yi wa uwarsa rufin kwano, kai kana nan zaune," ta riga ta saya masa tikitin mota. Idan iyayen yarinya suka tsawwala kayan aure har saurayi ba zai iya haɗa su da noman shekara uku ba, sun nuna masa hanyar rami. Idan kuɗi suka iso ta waya aka yi murna, ba wanda ya tambayi wane irin aiki ne ya kawo su, to an ci an kuma rufe ido. Hausawa suna cewa kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Wanda ya ci kuɗin mai nutso yana da hakkin sanin zurfin ruwan da ɗansa yake shiga. Ranar godiyar girbi ma, kada girman baikon mutum ya sa mu manta mu tambaye shi lafiyar ƙirjinsa da ta ƙafafunsa.

Saboda haka ga abin da muke roƙo. Iyaye, kafin ku sa wa yaro albarkar tafiya, ku zaunar da shi ku yi masa tambayoyin nan huɗu, ku san sunan garin da sunan wanda zai yi wa aiki. Ku faɗa masa da bakinku cewa in ya ga aikin ba na lafiya ba ne ya dawo, ba za a yi masa gori ba. Samari da yawa suna sake nutsawa bayan sun ga gawar abokinsu, saboda kunyar dawowa hannu wofi ta fi musu tsoron ruwa. Zumuntar Mata da ta maza, da katekis na kowane ƙauye, ku duba yadda adashi da asusun taimakon juna za su iya saya wa samari biyu ko uku injin ban-ruwa, ko su biya wa wani kuɗin koyon walda ko kafinta ko gyaran babur. Dattawa kuma ku sassauta kayan aure. Waɗannan duka suna cikin ikonmu, ba sai mun jira gwamnati ba.

Ku kuma samari, ba mu ce ku zauna a gindin bishiya ba, gama na zaune bai ga gari ba, kuma neman halal abin yabo ne. Amma zafin nema ba ya kawo samu. Wanda bai koyi nutso a hannun gwani ba, kada ya sa tiyo a baki. Wanda aka ba zaiba ya zuba a ruwan da mutane suke sha, ko aka ce ya kai dutse gida a niƙa, ya ƙi, ko nawa za a biya shi. 'Ya'yanku sun fi bukatar uba mai tafiya da ƙafafunsa fiye da rufin kwano, kuma in da rai da rabo.

Muna roƙon Yusufu Mai Tsarki, majiɓincin ma'aikata, ya yi addu'a domin dukan 'ya'yanmu da suke ci-rani, Kirista da Musulmi. Allah ya jiƙan waɗanda rami da ruwa suka ci, ya ta'azantar da iyayensu, ya kuma dawo mana da sauran lafiya kafin ruwan shuka. Amin.